Yadda za ka zana manga ɗinka na ƙwallo mai shafi 16, daga fensir har fotokofi

Tambayar yadda ake fara zana manga, wato labarin zane irin na Japan, ta yi yawa, kusan duk wanda ya ga ana zane sai ya ce ai shi ma akwai labarin wani yaro ɗan ƙwallo da ke kansa tun yana firamare, irin na Captain Tsubasa ɗin nan da yawancinmu muka fara sani da Kaftin Majid a tashoshin Larabawa, amma bai san ta ina zai kama ba. To ga yadda ake yi daki-daki. Sharaɗi ɗaya ne: shafi 16 za mu yi mu gama. Yoichi Takahashi daga 1981 zuwa 1988 ya ɗauka yana zana kashin farko na Tsubasa kafin ya cika littafi 37, kuma shi sana'arsa ke nan, ba ya sammakon zuwa lakca ko buɗe shago. Duk wanda ya ce zai fara da labarin da zai kai yaro daga filin unguwa har Kofin Duniya, a shafi na biyar yake ajiye fensir.

1. Haɗa kayan aiki, amma kar ka zuba kuɗi

Idan da hannu za ka yi: fensir HB da 2B, kilina mai laushi wadda ba ta cin takarda, rula mai santimita 30, takardar A4, alƙaluman zane baƙaƙe guda huɗu (0.1 da 0.3 da 0.5 da 0.8), baƙar maka mai kauri, sai tifes. Duk a shagon kayan makaranta za ka samu, alƙaluman ne kawai za su ɗan taɓa aljihunka, su ma ba sai Sakura Micron ba, kowane iri ya yi muddin tawadarsa ba ta baje idan ka goge fensir a kanta. Rim ɗaya takarda 500 ne, zai ishe ka wannan aikin har da na gaba.

Ƙwararrun Japan a kan takardar B4 suke zane, mai faɗin milimita 257 da tsawon 364, da alƙalamin da ake tsomawa a tawada wanda suke kira G-pen. Yana da kyau ba ƙarya, amma sai an yi odarsa daga waje, kuma kafin hannu ya saba da shi an ɓata takardu da yawa, bar shi tukuna.

Idan da waya ce: ibisPaint X da MediBang Paint kyauta ne, duk suna da abin yanka akwatuna da ton, wato ɗigo-ɗigon da ake shimfiɗawa don yin inuwa. A ibisPaint wasu burushin a kulle suke sai ka kalli talla su buɗe na wasu awanni. Clip Studio Paint shi ne na masu sana'ar, na kuɗi ne, ba yanzu ba.

Hattara: takarda mai nauyin giram 70 tana shan maka har ta ɓullo ta baya. Ka yi gwaje-gwajenka a kanta, amma shafin gaske ka nemi mai 80 zuwa sama, ko ka sayi farin kwali ka yanka daidai A4.

2. Yaron nan me yake so, me ya tare masa hanya

Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka rubuta jimla uku a takarda: abin da yaron yake so, abin da ya hana shi, abin da zai rasa idan ya faɗi. "Yana so ya zama gwanin duniya" ba amsa ba ce, kowane yaro a layinku haka yake so. Sai ka matse ta ta zama ƙarama wadda za a iya yanke hukuncinta a wasa ɗaya.

A ce misali sunansa Habu, shekararsa 14, yana benci a kulob ɗin unguwa, babansa ya ce in an gama gasar hutun nan ya ajiye but ya koma shago gaba ɗaya, sai dai in kocin makarantar ƙwallo da zai zo kallon wasan ƙarshe ya ɗauke shi. Ka ga yanzu akwai agogo a kansa, akwai benci, akwai Baba wanda ba mugu ba ne, lissafin cefane kawai yake yi. Kar ka mai da uban azzalumi mai zare ido, mai karatu ya san irin wannan uban a gidansu, in ka yi masa ƙarya zai gane.

Sannan ka ba yaron nakasu na gaske a wasansa. Dubi manga ɗin ƙwallo mai suna Ao Ashi na Yugo Kobayashi, yaron ya zo da taƙamar shi ɗan gaba ne mai cin ƙwallaye, koci ya ɗauke shi ya mai da shi ɗan baya ta hagu, kuma wannan ciwon ne ya riƙe labarin. Habu namu a ce ƙafar hagu ba ta aiki sam, ko kuma ba ya sakin ƙwallo sai an ƙwace. Nakasun da ka zaɓa shi ne zai dawo a minti na ƙarshe, don haka ka zaɓa da lura.

Mutum huɗu masu suna sun isa: yaron, abokin hamayya, aboki ko koci, sai mutum ɗaya daga gida. Ka zana kowannensu gaba da gefe da baya a takarda ɗaya ka liƙa a bango. Gwajin shi ne ka cike su da baƙi gaba ɗaya su zama inuwa, in har ba ka iya bambanta su to a fili ma ba za a iya ba, tunda duk jesi iri ɗaya za su sa. Wannan dogo siriri, wancan gajere mai ƙirji, wani askin ƙwal-kwabo, wani safa ɗaya a zube kullum.

Hattara: kar ka sa tambarin wani kulob na gaske ko fuskar wani ɗan wasa sananne, musamman in kana da niyyar sayarwa. Ƙirƙiri kulob ɗinka da kalarsa.

3. Raba shafukan tun kafin zane

Nan ne yawancin mutane ke tsallakewa, kuma nan ne aikin yake. Ga rabon da ke aiki: shafi na 1 zuwa 3 mu ga yaron da abin da yake so, 4 zuwa 6 matsalar ta matse shi mu haɗu da abokin hamayya, 7 zuwa 13 wasa, 14 hukunci, 15 da 16 abin da ya biyo baya.

Shafi bakwai kacal na wasa, e haka ne. Ba minti 90 za ka zana ba, lokuta uku ko huɗu za ka tsinta: an zura musu, an sako Habu daga benci, ya samu dama ya ɓarar saboda nakasun nan, sai dama ta ƙarshe. Duk abin da ke tsakani allon sakamako da bakin 'yan kallo za su faɗe shi a akwati ɗaya.

Yanzu ka yanke ta ina za a karanta. Manga na Japan daga dama zuwa hagu yake tafiya kamar ajami, amma tunda da boko za ka rubuta maganar, ni shawarata ka bi hagu zuwa dama, ido ba zai riƙa karo da kansa ba. Duk wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa har ƙarshe.

In hagu zuwa dama ne, shafi na 1 yana hannun dama, ke nan duk shafi mai lambar mara kamar 3 da 7 da 13 shi ne wanda ake juyawa daga gare shi. Abin da ake so mai karatu ya ƙagu a kai, a akwatin ƙarshe na irin wannan shafin ake ajiye shi, amsar kuma a bayan juyi. Ƙafar Habu ta hagu ta ɗaga a ƙasan shafi na 13, ƙwallon sai an juya an ga shafi na 14. In ka haɗa su a buɗe ɗaya ido ya riga ya hango raga kafin ya karanta, ka kashe abin da kanka.

Hattara: zanen da zai mamaye shafi biyu, a 8 da 9 kawai yake zama lafiya, domin su ne tsakiyar ɗan littafi, takarda ɗaya ce. A ko'ina daban rabin hoton yana wata takarda, rabin yana wata, kuma injin fotokofi ba zai daidaita maka su ba.

4. Zanen gwaji, wanda Japanawa ke kira nemu

Ɗauki A4 huɗu ka naɗe biyu, ga ɗan littafi mai shafi 16. A ciki ka zana komai da gaggawa, mutane 'yan sanda-sanda, kai da'ira, magana a rubuce a inda za ta zauna. Ba a son kyau a nan ko kaɗan, wannan ne ma abin da mai zane a Japan ke kai wa edita kafin a ba shi izinin zanen gaske. Akwati huɗu zuwa shida a shafi, in ya haura bakwai shafin ya cushe. Wurin hira akwatuna miƙaƙƙu, wurin wasa ka karkata layukan, ka bar babban akwati ɗaya a kowane shafi wanda ido zai fara faɗawa. Tazarar da ke tsakanin akwatunan da ke jere gefe da gefe ta fi ta sama da ƙasa ƙanƙanta, haka ne ke hana mai karatu ɓacewa.

Sai ka miƙa wa mutum biyu, ɗaya mayen ƙwallo ɗaya wanda bai damu da ita ba, ka yi shiru kar ka yi bayani. Duk inda suka tsaya suka ce "wa ke da ƙwallon a nan?" ka sa alama, shafin ne ke da laifi ba su ba. Gyara a nan minti goma ne, bayan an sa tawada kuwa yini guda ne.

5. Koyi jikin ɗan ƙwallo da fili

Kwana biyu ko uku ka ware, babu shafi, sai motsi. Nemo bidiyon wasa ka riƙa tsayarwa daidai lokacin bugu kana zana abin da ka gani cikin minti ɗaya, ko ka je filin unguwa da yamma da littafinka, wanda ya fi ma, don a can za ka ga ƙura da yaron da ke wasa da silifas a hannu da masu zama kan katanga. Abubuwan da za ka lura da su: ƙafar da aka dogara a kanta a gefen ƙwallo take sauka ba a bayanta ba, hannun da ke kishiyar ƙafar bugu shi ne ke buɗewa waje, kafaɗa da ƙugu suna murɗawa saɓanin juna. In ka zana mai bugu a miƙe hannaye a jiki, zai fito kamar wanda ke jiran layi a banki.

Tsawon babban mutum kai bakwai zuwa bakwai da rabi ne, yaro ɗan 13 ko 14 ka ba shi wajen shida da rabi. Ƙwallon gargajiya tana da baƙi 12 masu kusurwa biyar da fari 20 masu kusurwa shida, kar ka wahalar da kanka, baƙi ɗaya a tsakiya da gutsattsarin wasu a gefe ya isa, da'irar kuma ka yi da murfin kwalba ko kamfas, kar ka yi da hannu. Lokacin bugu mai ƙarfi ka lotsa ta ta zama kamar ƙwai, nan ne ƙarfin yake fitowa.

Raga faɗinta mita 7.32 tsayinta 2.44, wato faɗin ya ninka tsayi sau uku, fanareti kuma daga mita 11 ake buga shi. Sabon hannu kullum raga yake matsewa har gola ya cika ta, sai ka rasa ta ina za a ci shi. In filin unguwa ne mai ragar ƙarfe ba net ko duwatsu biyu, to ka huta, amma ka riƙe girman da ka fara da shi.

6. Fensir a shafin gaske

Bar santimita ɗaya da rabi a kowane gefe, ka ja akwatuna da rula, sannan ka fara da wurin magana kafin mutane. E, magana tukuna. In ka gama zana fuska mai kyau sannan ka zo neman inda za ka cusa magana, kan fuskar za ta hau.

Doka mafi muhimmanci a zanen wasa: ƙungiyar jaruminka gefe ɗaya take kai hari, kuma a littafin da ake karantawa hagu zuwa dama ka sa su riƙa nufar dama, tafiyarsu ta bi tafiyar ido. Kar ka tsallaka da kyamararka ɗaya gefen filin a tsakiyar hari, mai karatu zai zaci yaron ya juya yana cin gida. In an dawo hutun rabin lokaci an sauya raga, ka nuna shi ƙarara a akwati guda, ko ma ka sa duk abin da za ka nuna ya faru a zagaye na biyu ka huta.

Kowane hari ka buɗe shi da hoto daga sama ko daga nesa wanda ke nuna waye a ina, sannan ka matso: ƙafa, ido, gumi, hannun gola. Ba sai 'yan wasa 22 sun fito ba, uku ko huɗu a fili sauran inuwa. 'Yan kallo layin gaba kawai ake yi wa fuska, na baya ƙananan da'irori. In kana son bugu ya yi girma sauko da ido ƙasa daidai ciyawa, takalmin ya yi ƙato a gaba kan yaron ya yi ƙarami a can sama.

Hattara: kar ka ɗora takarda a kan shafin wani mai zane ka kwafa. Ka kalli yadda ya raba shafi ka koya, wannan halas ne, amma layin ya zama naka, masu karatun manga idonsu ya fi na rafali.

7. Tawada, baƙi da layukan gudu

Tsarin shi ne: layin akwati da 0.8, balan-balan ɗin magana da 0.3, mutanen gaba da 0.5, fuska da bayan fage da 0.1. In bahago ne kai fara daga dama, in ba haka ba daga hagu ta sama, ka sa 'yar takarda ƙarƙashin hannunka saboda gumi. Ka bari ta bushe sosai kafin kilina ta taɓa shafin, gaggawar minti biyu ta sha ɓata aikin yini.

Ƙungiya ɗaya jesi baƙi ɗaya fari, shi ke nan, wannan kaɗai ya warware rabin ruɗanin fili. Fatar mutanenka kuma ka yanke shawara tun shafin farko, ko ton mai sauƙi ko siraran layuka a gefen inuwa, ka bar haske a goshi da kunci da hanci, in ka cike fuska da ton mai duhu fotokofi zai haɗiye idanu da baki.

Layukan gudu iri biyu ne. Na gudu a miƙe, layuka ne a jere a bayan mai gudu, ka fara da ƙarfi ka ɗage alƙalami a ƙarshe su sirance. Na bugu ko firgita kuwa, ka sa ɗigo ɗaya a kan ƙwallo ko ido, ka kafa rula tana juyawa a kan ɗigon nan kana jawo layuka daga bakin akwati zuwa ciki, ka tsaya kafin ka taɓa mutumin, tsawonsu da tazararsu kar su zama ɗaya. Amma ba kowane akwati ba don Allah. In shafi bakwai duk ihu ne, bugun ƙarshe ba shi da sauran murya. Akwatin da ke gaban bugun Habu ka bar shi fari fes, ba 'yan kallo ba layi, shi da ƙwallo kawai.

8. Magana da sauti

Balan-balan ɗaya kar ya wuce kalma 12 zuwa 15, kuma a fili mutane ba sa jawabi. "Ba ni!" "Bayanka!" "Sake ta mana!" "Fitar!" haka ake yi. Yaro zai ce Koc, zai ce Yaya, a gaban mahaifinsa kuma kansa a ƙasa "To Baba" ne kawai ko da zuciyarsa na tafasa, tafasar sai ka nuna ta a hannun da ya damƙe igiyar but. Tunanin zuci a tsakiyar hari shi ne gishirin manga na wasanni, daƙiƙa ɗaya ta zama shafi guda, amma jimla biyu gajeru sun fi sakin layi.

Sautuka kuwa Hausa ta gama mana gata, ba ka buƙatar aron na kowa: tim in an faɗi, caraf in gola ya cafke, wuf in an wuce mutum, fau, gau a jikin ƙarfen raga, firrr na usur, tsit in fili ya mutu. Da hannu ake zana su, manya, su karkata su bi hanyar ƙwallo.

Hattara: yawancin salon rubutun da ke cikin manhajojin nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ko wani harafi daban ya fito a tsakiyar kalma. Gwada rubuta "ƙwallo ɗaya ta ɓata" kafin ka zaɓa, in bai ɗauka ba ka canza, ko ka rubuta k da d da b ka ƙara lanƙwasar da hannu.

9. Sikanin, bugawa da turawa

Shafin hannu ka kai shagon kwamfuta a yi maka sikanin a 600 dpi (yawan ɗigo a inci ɗaya) in baƙi da fari ne zalla, 300 ma ta wadatar in na waya ne kawai. In da kyamarar waya za ka ɗauka, a inuwa da rana, wayar a saitin tsakiyar takarda ba a karkace ba, sannan ka ƙara haske har takardar ta yi fari layin ya yi baƙi. Mai zane a waya tun farko ya buɗe shafin A5 a 350 dpi, wajen pixel 2039 da 2894 ke nan, 600 tana sa ƙaramar waya ta riƙa tsayawa in leya, wato shimfiɗun zanen da ake ɗorawa kan juna, ta yi yawa.

Lissafin bugu mai sauƙi ne. Shafi 16 na A5 takardar A4 huɗu ne gaba da baya, wato fuska takwas na fotokofi, sai bango ɗaya na kwali. Kwafi 50 takarda 200 ne da bango 50, ka tambayi kuɗin fuska ɗaya a shagon ka ninka da 400, ka ƙara na bango, ka raba da 50, shi ne kuɗin kwafi ɗaya kafin ka sa riba. Bango mai kala shi ne mai cin kuɗi, baƙin zane a kan kwali mai launi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jerin shafuka: takarda ta farko 16 da 1 a gaba, 2 da 15 a baya, ta biyu 14 da 3, sai 4 da 13, haka har tsakiya, kowane biyun in ka haɗa su 17 za su ba ka. Kwafi ɗaya za a fara bugawa ka naɗe ka karanta tun daga farko kafin ka ce a saki sauran, kuma ka duba ton ɗin, in an rage girman shafi ɗigo-ɗigon kan rikiɗe su yi wani zane kamar tabarma.

A WhatsApp ka haɗa shi PDF ka tura a matsayin fayil, in ka tura a hoto za a matse shi rubutun ya dushe. A Facebook ka sa lambar shafi a jikin kowane hoto saboda jerin kan hargitse. Dandalin WEBTOON Canvas kyauta ne amma na ja-ƙasa ne mai faɗin pixel 800, sai ka warware akwatunan ka jera su a tsaye, kuma dabarar juyin shafin nan sai ka maye ta da dogon farin fili kafin bugun. In kana son gwada kanka da na waje, akwai gasar Silent Manga Audition ta kamfanin Coamix wadda ba a sa magana ko ɗaya, harshe ba zai tare ka ba kuma labarin ƙwallo ya dace da shi, akwai kuma gasar manga ta duniya da ma'aikatar harkokin wajen Japan ke shiryawa tun 2007. Kowacce ka karanta sharuɗɗan shekarar da kyau kafin ka tura, musamman yawan shafi da jigon da suka bayar, kuma asalin shafukanka na takarda ka ajiye su a fayil ɗin roba nesa da damshi, kwafi kawai ake bayarwa.